Mutumin da Ya Sayar da Gona Ya Sayi Hawa na Biyar

"Gonar wa kas saida, Yaya?"

"Gonarmu."

"Tamu ko taka? Da bakin wa nic ce na yarda?"

"Ke Rashida, rage murya, mutane na ji."

"Su ji mana! Duk rani ina kai taki da jakin aro, ashe wani nika gyara ma wuri!"

Ya 'yan uwa, a ƙofar wani gida a Birnin Tsaba aka yi wannan cacar baki, washegarin Babbar Sallah. Mace da yayanta. Ina cikin waɗanda suka ji. Har yau abin bai bar kaina ba.

An yi wani mutum. Ba zan faɗi sunansa ba, yana raye. Mahaifinsu ya rasu ya bar musu gona ɗaya babba, shi da ƙanwarsa Rashida. Da malam ya zo da igiya zai raba gado, sai mutumin ya ce a bari. Ya ce ciki ɗaya suka fito, me za a raba? Jama'a suka yaba masa. Aka shafa fatiha, malam ya naɗe igiyarsa.

Rashida mijinta ya rasu, tana da marayu. Ita ke noma ɓangaren gabas, daga gindin gawo zuwa layin gamba. Da wannan geron suke kai wa wata damina. Shi kuwa yana Abuja, yana da ɗan shagon kayan waya.

Kun san Abuja? Gari ne da kwana ya fi ci tsada. Ɗaki biyu yake haya a bayan gari, inda sai ya fito tun duhun asuba kafin ya isa shago. Duk shekara mai gida ya ƙara kuɗi. Kuma ba na wata ake karɓa ba, na shekara ne a dunƙule, wani lokaci na biyu. In ka ce za ka tashi, sabon wuri akwai kuɗin dillali, akwai na lauya, akwai na ajiya wai ko za ka fasa wani abu. Kafin ka shimfiɗa tabarma ka biya mutanen da ba su taɓa ɗora bulo ɗaya ba.

Mutumin ya gaji. Wannan gaskiya ne, ba zan ɓoye ba. Wa ba zai gaji ba?

Sai wani dillali ya kai shi wurin wani gini a cikin gari. An ɗora hawa biyu, ana kan na uku. Ya nuna masa hoton yadda zai kasance in an gama: bene mai hawa biyar, fari tas, da furanni a ƙofa. Ya ce kamfanin yana sayar da gidajen ciki tun kafin a ƙarasa, shi ya sa da sauƙi. Ya ce akwai saura a hawa na biyu, wanda aka riga aka gina, akwai kuma a na biyar. Kuɗinsu ɗaya.

Ku saurara nan, 'yan uwa. Mu a wajenmu, mai bene shi ne mai arziki. Wanda ya fi hawa sama shi ya fi. Mutumin ya tuna yadda ake nuna benaye da yatsa a Kaura Namoda, ana faɗin sunan masu su. Ya ɗaga kai ya dubi inda babu komai sai rodi a tsaye. Ya ce na biyar yake so.

Da me zai biya? Ya zo gida cikin rani, bai kwana biyu ba. Ya sami mai saye daga Zurmi. Shaidu suka tambaye shi, ƙanwarka fa? Ya ce ta yarda. Namiji ne, babba ne, shi ne kuma wanda ya ƙi a raba gado saboda zumunci. Wa zai ce ya rantse?

Rashida ba ta sani ba. Ta ci gaba da kai taki. Ranar da ruwan shuka ya sauka, ta fita da sassafe da iri a ƙwarya, ta tarar da wasu mutane suna sara suna binnewa a gindin gawonta. Ta yi musu sallama, ta zaci ɓatan kai suka yi. Su ma suka zaci ita ce ta ɓata.

Ta kira shi, bai ɗauka ba. Sai da Sallah ya zo, da sabuwar shadda, da hoton nan a aljihu. Washegari ne suka yi faɗan da na fara da shi.

Kawunsu Sodangi, ƙanin mahaifiyarsu, shi ya shiga tsakani. Ya karɓi hoton, ya juya shi, ya sake juyawa.

"Wanne na naka cikin wanga?"

"Na can bisa, Kawu. Na ƙarshe."

"To ƙasar da ke ƙarƙashi nai, taka ta?"

"Ta kamfani ta. Ba haka aka yi a birni ba."

"In niz zo ganin abin da kas saya, ina ni ka aza ƙahwa?"

Mutumin ya yi dariya. Ya ce Kawu ba zai gane ba. Ya juya ga Rashida ya ce in an gama har ɗaki zai ware mata, ta zo da ɗiyanta su ga duniya.

Ta ce, "Gero na tsira bisa siminti?"

Ya koma Abuja.

Ginin ya kai hawa na uku ya tsaya. Aka ce siminti ya yi tsada. Aka ce bayan damina. Aka ce a ƙara wani abu, ya kwashi kayan shago ya ƙara. Daga nan lambar dillali ta daina shiga. Ya je ofishin kamfanin ya tarar ana sayar da labule a wurin.

Waɗanda suka sayi hawa na ɗaya da na biyu suka taru, suka fasa ƙofar kwanon da aka kewaye ginin da shi, kowa ya shige nasa. Babu fenti, babu wuta. Suka rataya buhuna a tagogi. Sun yi asara, amma suna da bangon da za su jingina. Na hawa na uku ma suka kafa leda a kan bulo.

Shi fa? Ya hau matakala har inda ta ƙare. Daga nan sai sama.

Me zai tsare? Wa zai kora? Ya je wurin lauya, lauya ya ci abin da ya rage. Wa'adin hayarsa ya cika, mai gida ya fitar masa da kaya. Matarsa ta koma gidansu a Shinkafi. Shago ya koma hannun wani.

Yanzu a rumfar masu gadi yake kwana, a bakin ginin. Ba ya zagi, ba ya duka. In ka tsaya kusa da shi zai kama hannunka, ya nuna maka inda shirwa ke shawagi, ya ce nan ne falonsa.

Ya 'yan uwa, malamanmu sun karantar da mu cewa wanda ya ci taƙi ɗaya na ƙasar wani da zalunci, ranar gobe za a rataya masa ita a wuya har ƙasa bakwai. Wannan ba taƙi ya ci ba. Ya ci gadon mace, ya ci abincin marayu, ya rufe da ƙarya a gaban shaidu. Ku raba gado tun ana ga maciji. Kada wani ya ce muku zumunci ya fi igiyar malam. Igiyar ce ke tsare zumuncin. Kuma kada ku sayar da abin da kuke takawa don abin da ake nuna muku da yatsa.

Wannan na gane shi. Akwai abin da ban gane ba.

Masu kamfanin an ce suna wani gini a wata unguwa, da sabon suna. Mai gidan hayar ya zuba wani, ya ƙara kuɗi. Wanda ya sayi gonar ya cika rumbu da takin Rashida. Ita kuwa da ba ta yi wa kowa komai ba, ƙwadago take yi, wani lokaci a wannan gonar, a gindin wannan gawon. Na san akwai ranar hisabi, ban yi shakka ba. Amma na juya abin nan a raina har na gaji, bai zauna ba.

Allah ya kiyaye mu daga cin haƙƙin wanda ya amince da mu. Allah ya tsare mu daga son a gan mu a sama. Allah ya ba marayu mafita. Amin.

Bayan kaka, Rashida ta sayar da akuyarta, ta ce Kawu Sodangi ya raka ta su ɗauko shi. Ta ce ko mi yay yi, nono ɗaya sunka sha. Suka same shi a rumfar. Ya gane su, ya yi murna, ya ja su har ƙarshen matakala. Matan da ke shanya a hawa na uku suka tsaya suna kallo.

Ya nuna sama ya ce ga shi nan, saura kaɗan.

Rashida ta kare ido da tafin hannu. Ta daɗe tana dubawa.

"To Yaya," ta ce, "nawa rabon, daga ina yaf fara?"