Albasar Barau da Sunan Jariri

Ku matso ku ji wata. Kai kuma Sambo, kashe rediyon nan kafin in taso in kashe shi da kaina.

Barau manomin albasa ne a wata fadama ta ƙasar Sakkwato. Shekara biyu a jere yana ajiye albasa don ta yi tsada, shekara biyu tana ruɓewa har maƙwabta su riƙa toshe hanci. Yayyensa suka tara shi suka ce, "Bana ce ta ƙarshe. In ta sake ruɓewa, fadamar Baba za mu ba wani, kai kuma ka tafi Ikko acaɓa." Barau bai yi zuciya ba. Ya ce ai akwai waɗanda suka riga shi faɗuwa suka tashi, zai bi su ɗaya bayan ɗaya ya ji yadda suka yi.

Na farko Malam Zubairu, dattijon da ko 'ya'yansa ba sa tuna masa shekarar asararsa. Amma ya zaunar da Barau ya tona asirin kansa. "Ɗana, ni haɗama ce ta kayar da ni. Taki da ruwa nake ɗura mata har ranar cira, don ta yi girman ƙwarya. Girman banza, duk ruwa ne! Yanke mata ruwa sati biyu kafin cira, kuma kada wuƙa ta taɓa ganyen sai wuyanta ya bushe." Barau ya bi. Yana gani ta maƙwabta ta fi tasa girma, ana yi masa dariya a bakin rijiya, ya daure.

Na biyu Ilyasu, wanda ya shekara bakwai yana dakon buhun albasa a Galmi ta ƙasar Nijar kafin ya tsaya da ƙafarsa. Shi ba mai surutu ba ne. Ya leƙa ɗakin kwanon da Barau ke jibge albasa a ƙasa, ya ce, "Aboki, ajiya kake yi ko dahuwa?" Sai ya tuɓe riga. Kwana uku suna kafa rumbu irin wanda ya gani a can: gadon kara a kan ƙafafu, iska na ratsawa ta ƙasa, rufin ciyawa a sama. Wata huɗu albasa na nan garau.

Na uku Alhaji Mudi, wanda ya fara da tire a ka, yau tirela yake lodi zuwa Anaca. Da albasa ta yi tsada, idon Barau ya rufe, ya ce zai ƙara jiran wata guda. Alhaji ya daka masa tsawa a tsakiyar kasuwa: "Kai wawan ina ne? Irin jiran nan ne ya sa na sayar da motata ta fari! Damina ta zauna, albasa ta yi tsiro, sabuwa ta shigo, ko kyauta ban samu mai ɗauka ba. Kwashe yau!" Ya ba shi wuri a motarsa, ya haɗa shi da dillalinsa na Anaca, aka sayar da albasar tas. Bayan kwana goma kasuwa ta faɗi warwas, masu jira suka yi ta salati.

Ranar da Barau ya dawo, yayyen nan da kansu suka tarye shi a tasha, babban ma shi ya riƙe masa jaka. Fadama ta tsira, har ya haɗa da ta kusa da ita!

A satin nan matarsa ta haifi namiji, Barau ya rantse wanda ya cece shi zai yi wa takwara. Ga rago a ɗaure, ga liman a zaune, ga wanzami yana wasa aska. Ba don Zubairu ba, da ruwa aka zuba a rumbun. Ba don Ilyasu ba, da ta dahu tun kafin ta ga tsada. Ba don Mudi ba kuwa, duk wahalar nan a bola za ta ƙare.

Kada wanda ya ce min a haɗa sunayen uku, jariri ba tirela ba ne da za a yi masa lodi. To, sunan wa ya kamata liman ya raɗa?