Barmo da Gangaren Giwa

Tun zamanin da daji ya fi gari yawa, fari ya koro wani maharbi mai suna Barmo daga arewa, shi da gidaje bakwai. Barmo na Tabawa, sarkin baka, kibiya ɗaya ta ishe ka! Tabawa ita ce mahaifiyarsa, tsohuwa tukuf, a bayansa ya goyo ta tafiyar kwana goma sha biyu.

Suka sauka a bakin wani rafi da babu komai cikinsa sai yashi. Amma kullum da safe sukan tarar da ramuka a tsakiyar yashin, cike da ruwa mai sanyi. Mutane su sha, gada ta sha, zabi da ƙudan zuma su sha. Shekara uku ana ɗiba, ba wanda ya damu ya san mai tonon.

A damina ta uku giwaye suka shiga gonakin gero, suka yi kaca-kaca da su. Barmo ya zauna dafa dafi.

Tabawa ta ce, "Ɗana, kafin ka ja baka, je ka duba sawun da ke bakin ramukan nan."

Ya ce, "Inna, abincin shekara fa suka cinye."

Bai je ya duba ba. Ya harbi tsohuwar giwar da ke jan garken. An ce da ta faɗi sai da tukwane suka fashe a cikin ɗakuna. Kwana uku ana yi masa kirari, garken kuwa ya yi yamma.

Da rani ya kama, iska ta cike ramukan, babu mai tona sabo. Ashe tsohuwar giwar ce ke jin ƙanshin ruwa a ƙarƙashin yashi, ta tona. Gada ta gudu, zabi suka bi ta, zuma ta ƙare a kogon itatuwa. Gidaje biyar suka tashi. Tabawa ba ta da sauran ƙarfin wata tafiya, ko da a goye, don haka Barmo ya tsaya neman ruwan da zai riƙe ranta.

Rami arba'in ya tona, duk busassu. A rana ta tara Tabawa ta cika. Ya rufe ta, ya koma rafi ya ci gaba da tono, don bai san abin da zai yi da hannuwansa ba. Washegari da la'asar ruwa ya ɓuɓɓugo masa.

Bai yi murna ba, bai yi kuka ba. Zuciyarsa ta riga ta mutu. Ya zauna yana kallon ruwan yana tasowa har gwiwarsa.

Jatau maƙwabcinsa ya ce, "Malam Barmo, sha mana."

Ya ce, "Ba na jin ƙishi."

Da aka zo ginin rijiyar, ya hana a kewaye ta duka. Ya bar ɓangaren yamma a buɗe, ya sassaƙa gangare mai faɗi har bakin ruwa, yadda babbar dabba za ta iya sauka. Ya kafa doka cewa ba a harbi a wurin, ba a noma hanyar da ta nufo shi. Kullum yakan share gangaren, har ya tsufa ya mutu.

Garin da ya tashi a wurin shi ake kira Gangaren Giwa. Gada ta dawo, zabi suka dawo, ƙudan zuma ma haka. Har yau jikokinsa na share gangaren a farkon kowane rani. Giwa dai ba ta taɓa saukowa ba.