Dabinon Waziri Tanimu

An yi wani sarki a ƙasar Tsaunin Maje, sunansa Jatau, mai ƙaunar ilimi ƙwarai, har ya gina wa 'ya'yan talakawa da na fadawa makaranta guda, ya danƙa ta a hannun wani dattijo mai haƙuri da ake kira Malam Ilu. A cikin aji komai lafiya lau, amma da an tashi tara, wato hutun hantsi da yara ke fita cin abinci, sai fili ya zama fagen dambe, kullum da mai komawa gida da kumburin ido ko yagaggiyar riga. Da ƙorafin iyaye ya ishi Sarki, sai ya yanke hukunci cewa in aka yi kwana arba'in fitinar ba ta kwanta ba, za a sauke Malam Ilu.

Wazirinsa Tanimu, mutum ne mai fasaha, aibinsa ɗaya, ya san yana da ita. Ya faɗi ya yi gaisuwa ya ce, "Allah ya ba ka nasara, bulala ta gaza, a gwada lada. Duk yaron da ya raba faɗa a ba shi dabino cikin tafi, za a ga sulhu ya wadata." Fadawa suka yi ta jinjina masa, shi kuwa yana gyara zaman rawani.

Abin mamaki, maimakon fitina ta ragu sai ta ninka. Da wa'adi ya kusa cika Sarki ya nemi bayani, Waziri ko gezau bai yi ba, ya ce dabara ba ta da illa, sakacin Malam Ilu ne kurum. Aka tsayar da ranar Alhamis don sauke shi.

Ranar Laraba Waziri ya so ya tara hujjar da zai rufe bakin kowa, sai ya sa tsohuwar riga, ya ja amawali ya rufe fuska, ya je ya zauna gindin bangon makaranta kusa da wata tsohuwa mai sayar da ɗanwake, Iya Tabawa. Ana tashi tara sai ga yara uku sun raɓo bangon suna ƙus-ƙus, na gabansu kuwa jikansa ne na cikinsa, Mudi. Da kunnensa ya ji Mudi na cewa, "Yau ku biyu za ku kama, ni in raba, mu kasa dabinon. Amma ku yi da gaske, jiya Malam ya kusa ganewa." Suka kama kokawar wasa, ɗaya ya kai naushi ya wuce ƙa'ida, ɗaya ya rama da zuciya, kafin Mudi ya raba su, haƙorin ɗayansu ya faɗi ƙasa.

Iya Tabawa ta ci gaba da zuba yaji abinta, ta ce, "Ka gani ko, baƙo? Kullum haka ake yi. Wai wani mai hikima ne a fada ya ce a biya mai rabiya. To in ba faɗa, me za a raba? Ga wancan yaron da ke zaune shi kaɗai, tun da ya shigo makarantar nan bai taɓa ɗaga wa kowa hannu ba, kuma ko ƙwallon dabino bai taɓa samu ba. Wallahi wanda ya kawo wannan shawara bai taɓa renon yaro ba."

Waziri ya ji kunya ta rufe shi tun daga ka har ƙafa, gumi ya jiƙe amawalin da yake ɓuya a ciki. Ya tashi ya nufi gida yana jan ƙafa, zuciyarsa na raya masa cewa ba wanda ya gane shi, in ya yi shiru gobe Malam Ilu zai tafi, girmansa kuma ya tsira. Ya kusa yarda da ita ƙwarai, kada ku ce bai kusa ba.

Da fada ta cika ranar Alhamis, aka gurfanar da Malam Ilu, Sarki ya umurci Waziri ya karanta laifinsa. Waziri ya miƙe. Sai ya sauko daga mazauninsa ya durƙusa kusa da malamin, ya ce, "Ranka ya daɗe, mai laifin da ake nema ni ne. Na sa wa faɗa lada ina zaton sulhu nake saye, da abin ya ɓaci kuma na ɗora wa bawan Allah nan don in tsare sunana." Ya bayyana duk abin da ya gani, har sunan jikansa bai ɓoye ba.

Sarki ya dubi Malam Ilu ya ce, "Kai ba ka lura da wannan ba?"

Malam Ilu ya sunkuyar da kai ya ce, "Na lura tun makon farko, Allah ya ƙara maka imani. Amma shawarar Waziri ce, jagoran yaran kuma jikansa ne. Na ga gara a sauke ni da in kunyata babba a gaban jama'a."

Wannan magana ta fi wa Waziri zafi da a ce an tuɓe masa rawani, domin wanda ya shirya wa wulaƙanci shi ne ke rufa masa asiri duk kwanakin nan. Ya kasa ɗaga ido ya dube shi.

Aka aika aka zo da Iya Tabawa, hannunta duk manja, Sarki ya tambaye ta mafita. Ta ce, "Ni ban yi karatu ba, ranka ya daɗe, amma na goyi 'ya'ya tara. A daina biyan mutum ɗaya. Ajin da ya fita tara ya koma ba wanda ya yi kuka, a ba su dabinon su ci tare. Wanda aka tsokana ya haƙura kuma, a kira sunansa a gaban 'yan'uwansa."

Sarki ya yi na'am, ya tabbatar da Malam Ilu a kan aikinsa tare da gargaɗin kada kunyar manya ta sake hana shi faɗin gaskiya, ya yi wa tsohuwa kyautar turmin atamfa da rumfa a ƙofar makaranta. Waziri kuwa, Sarki ya bar masa sarautarsa saboda ya tona kansa da kansa. Kafin wata ya ƙare fili ya lafa, sai ɗan abin da ba a rasa ba.

Da za a tashi fada ran nan, Waziri yana durƙushe har yanzu, Sarki ya ce, "Ku riƙe wannan daga gare ni: duk abin da mai mulki ya sa wa lada, shi jama'a za su yawaita masa. Adalcinsa kuwa ba ya cika sai ya binciki umurninsa kafin ya hukunta wanda ya bi shi."