Farin Garwashi a Cikin Kaza da 'Ya'yanta

An ce wani sarki ya tsufa, har cikin abokan da aka yi musu kaciya rana ɗaya babu wanda ya rage masa sai Barde Mijinyawa. Da can in Barde ya yi gyaran murya, dawaki kan tsaya cik. Yanzu kuwa ya ƙanƙance, rawani ya yi masa yawa, gyangyaɗi yake ana tsakiyar fadanci. Samarin fadawa suka dinga lanƙwasa murya: "Allah ya ja zamaninka, shimfiɗa ta gaji da tsoho, tsoho bai gaji da shimfiɗa ba."

Sarki ya ƙudura gobe a tuɓe Barde, a mai da shi ƙauye. Amma zuciyarsa ta ƙi kwanciya, sai ya aika aka kira Malam Zubairu, wani talaka masanin taurari.

Ya ce, "Malam, fitilar da manta ya ƙare, me ake yi da ita?"

"Ya sarki, ban san fitila ba, taurari na sani. Ka san Kaza da 'Ya'yanta?"

Sarki ya yi murmushi. "Tun muna yara. Ni da Barde mukan hau soro mu ƙirga su, ya ce bakwai, in ce shida, har mu kaure da kokawa. Kullum shi ke kā da ni, ja'irin."

"To gajimare ɗaya ya haife su, lokaci guda. A irin wannan taro, wanda ya fi haske shi ke fara cinye makamashinsa. Ya kumbura, ya yi ja, ya yar da rigarsa, ya saura ɗan farin garwashi wanda ido ba ya gani, yana hucewa a hankali. Masana in suna son sanin shekarun taron, shi suke tambaya."

"Bayan shi sai wa?"

"Sai mai bi masa a haske, ya sarki." Malam ya sunkuyar da kai.

Sarki ya daɗe yana duban hannuwansa, ya ga fata ta saki. Ya miƙe ya fita zaure, ya tarar da Barde yana minshari, ya tuɓe alkyabbarsa ya lulluɓe shi.

Barde ya zabura, yana laluben takobi. "Wane ne? Hari aka kawo?"

"Yi barcinka, ɗan'uwa. Babu mai tā da kai daga nan."

Sannan ya juya ga fadawa ya ce, "Hukuncin da sarki ya yanke wa wanda ya riga shi dushewa, kansa ya yanke wa."