Shirun Cikin Rijiya

Ranar Talata ce, tsakiyar bazara. Rana ta buɗe tun hantsi, ko ganye ba ya motsi.

Akwai wani mutum a wani ƙauye kusa da Gidan Sori, sunansa Musbahu. Ɗan kabu-kabu ne, ya ba shekara talatin baya, yana da mata da 'ya'ya biyu. Ba malalaci ba ne. Abu ɗaya ne ya kama shi, wasan harbe-harben nan na cikin waya.

Saboda wasan ya sayar da ragonsa, ya tafi Maraɗi ya sayo abin da ake kifawa a kunnuwa, marar igiya, wanda samari ke ce wa kask.

In faɗi gaskiya, kayan na da kyau. Kwana uku Musbahu ya yi yana gwada shi. Ya ajiye waya a ɗaki ya taka har ƙofar gida, sauti bai yanke ba. Caji ɗaya ya kai shi kwana biyu. A cikin wasa kuwa, in abokin gaba ya taho ta hagu, a kunnen hagu yake jin takunsa tun bai gan shi ba. Har matarsa ya sa ta tsaya bayan danga ta ƙwala masa kira, ya ji ta sarai.

Daga nan baki ya buɗe. Duk wanda ya zauna kusa da shi sai ya sha labarin kask.

Musbahu na da kawu, Labo, mai yasar rijiya. Tsoho ne marar yawan magana. A ranar zai shiga rijiyar unguwarsu ya kwashe laka, don ruwa ya ja baya, mata na wuni a layi. Wanda ya saba tsaya masa a bakin rijiya ya tafi kasuwa, sai ya aika a kira Musbahu.

Aikin mutum uku ne. Labo a ƙasa, da igiya ɗaure a ƙirjinsa. Wani maƙwabci, Dogo, yana can nesa riƙe da bijimin da ke jan igiyar, ba ya jin komai daga ciki, hannun na bakin rijiya kawai yake kallo. Na bakin rijiya kuwa kunne ne aikinsa.

Labo ya kalli abin da ke rataye a wuyan Musbahu.

"Mi ne ne wanga?"

"Kask ne, Kawu. Da shi ko tahiyar tururuwa sai ka ji."

"Cire shi. Zan riƙa buga shebur a jikin siminti. In ka ji shiru, a ja ni."

"To, Kawu."

Labo ya yi bisimilla, aka zura shi. Rijiyar ta fi gaba ashirin. Can sai ƙarar ta fara tasowa, siririya: kwas. Jim kaɗan, kwas.

Guga uku na laka suka fito lafiya. Sai wayar Musbahu ta yi motsi a aljihu. Abokan wasansa ne na garin Cadawa, sun haɗu a cikin wasan, shi kaɗai suke jira.

Ya leƙa rijiya. Kwas. Ya ce a ransa, ai na gwada. Kiran mace daga bayan danga ma na ji, balle muryar Kawu. In wani abu ya same shi zai kira ni.

Ya kifa kask, ya juya wa Dogo gefe.

Da farko yana jin bugun sheburin daga nesa, a ƙarƙashin ƙarar bindigogi. Daga baya ya daina rarrabe wane ne na rijiya, wane ne na wasa. Wani ya lallaɓo masa ta dama, ya ji takunsa, ya juya ya harbe. Ya yi dariya shi kaɗai.

Bai san tsawon lokacin da ya wuce ba. Sai ji ya yi an fizge kask daga kansa har kunnensa ya yi zafi.

Suwaiba ce, matar Labo, ta kawo fura. Ƙwaryar na ƙasa ta kife.

"Tun yaushe ya bar bugawa?"

"Inna, yanzu-yanzu na..."

"Tun daga bakin masallaci nike saurare, ban ji ko ɗaya ba! Tun yaushe, Musbahu?"

Bai sani ba. Ya kwanta da ciki ya tura kai cikin rijiya.

"Kawu! Kawu Labo!"

Muryarsa ce kawai ta dawo masa.

Ya miƙe ya ɗaga hannu biyu yana ihu: "Dogo, ja! Ja!"

Dogo ya zabga wa bijimi sanda. Igiya ta miƙe, ta fara gurzar itacen bakin rijiya tana kuka. Musbahu ya kama ta yana taya ja, fatar tafinsa na saluɓewa bai kula ba. Suwaiba na salati ba ta tsayawa. Gaba goma. Gaba goma sha biyar. Sai ga hular Labo, sai ga kansa a langaɓe, hannuwa na lilo.

Suka kwantar da shi a inuwar itacen bedi. Leɓensa ya yi fari. Dogo ya kwance igiyar ƙirjin, Suwaiba na yi masa fifita da gyale, Musbahu na jijjiga shi yana kiran sunansa kamar ƙaramin yaro.

Sai ƙirjin ya ɗaga. Labo ya yi tari, ya amayar da ruwa mai laka.

A bayan moton da yake kabu-kabu da shi Musbahu ya kai shi likita, Dogo na riƙe da shi. Aka ce iskar ƙasan rijiyar ce ta lalace da zafin nan, kuma da an ƙara ɗan lokaci da sai dai gawa.

Da la'asar Labo ya buɗe ido sosai. Musbahu na durƙushe a gefen gado.

"Kawu, ka gafarce ni. Wallahi na ɗauka in ka kira zan ji. Na gwada shi."

Labo ya juyo ya dube shi.

"Da wace iska zan kira ka?"



Washegari da safe Musbahu ya bar kask a ɗaki, ya tafi rijiya. Aikin bai ƙare ba, mata na jira da bokitai. Aka zura fitila mai wuta har ƙasa don a gwada iskar, ta dawo ba ta mutu ba. Musbahu ya ɗaura igiya a ƙirjinsa da hannuwansa masu ciwo. Labo, wanda ya ƙi kwanciya a gida, ya sa aka shimfiɗa masa tabarma a bakin rijiya.

Musbahu na tsakiyar sauka, ya ji muryar tsohon daga sama:

"Ka riƙa bugawa. Ina nan."

Darasi: Kaya mai kyau ba ya ɗauke maka amanar da aka ba ka. Wanda ya fi bukatarka sau da yawa ba ya iya kira, shirunsa za ka saurara. In ran wani na hannunka, cire komai daga kunne. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman masu tuƙi da masu gadi.