Akuyar Tasalla da Shaidar Wani

Ga wata nan, ku matso ku ji. An yi wata mai koko, Tasalla, wadda duk dukiyarta akuya ce guda mai ciki. Rannan dagaci ya sa aka kamo akuyar, ya aika a kira ta.

Ya ce, "Wani ya gaya mini akuyarki ta cinye mini dashen tattasai. Ki kawo wanda ya ga ba ta ci ba, in ba haka ba ta zama tawa."

Tasalla ta durƙusa. Ta lura yana magana ne idonsa na kan cikin akuyar.

"Ranka ya daɗe, ina da shaida. Wani ya ce mini jiya a turke ta wuni."

"Wane ne? Ba na karɓar shaida marar suna!"

"Ai ka san shi. Mutumin nan ne da ya zo maka. Daga nan gidana ya wuce, ya ce ashe ba ita ya gani ba."

"Ƙarya! Bai je ba!"

"To a kira shi mana ya ƙaryata ni. Ni sunansa ya shige mini, kai ka faɗa."

Dattawa suka zuba wa dagaci ido. Ya gyara rawani, ya yi tari, suna dai bai fito ba.

"Ku kwance mata tsiyarta!"

Tasalla ta kama igiya. "Godiya nake, ranka ya daɗe. In ya dawo, a ce ina gaishe shi."

Ƙurunƙus, akuya ta haifi tagwaye a turkenta.