Ayar Da Ta Bar Waziri A Rana

An yi wani sarki, Gwadabe, da wazirinsa Tankari. Shi wazirin nan ko ba a tambaye shi ba sai ya faɗa, wai shi tun da aka naɗa masa rawani bai taɓa kuskure ba, ko na tuntuɓe.

Ana nan sai ingarman sarki ya ɓata. Waziri ya rantse wani makiyayi Jabbo ne ɓarawon, aka tsula masa bulala a bainar jama'a. Ba a daɗe ba sai ga doki ya dawo da ƙafarsa, yana jan tsinkakkiyar igiya. Sarki ya biya Jabbo diyya, ya roƙi afuwa, Jabbo ya yafe, amma zuciyar sarki ta ƙi kwanciya, abinci ya ƙi shiga, har ya tara jama'a a ƙofar fada da rana tsaka ya ce zai yi murabus, sai fa in akwai mai nuna masa inda mai laifi ke samun natsuwa.

Alƙali Malam Ukashatu ya yi gyaran murya, ya karanta ayar nan da Allah Yake hana bayinSa da suka zalunci kansu yanke ƙauna daga rahamarSa.

Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, dubi wa aka kira. Masu laifi fa aka kira, kuma duk da laifin bai fasa ce musu bayiNa ba. Haƙƙin Jabbo ka mayar, saura ka yarda Ubangijinka Ya fi ka tausayin kanka. Duk wanda ya san da shi ayar take, ya taso ya shigo inuwar durumin nan."

Sarki ne ya fara tashi, ba takalmi, hawaye na jiƙa masa amawali. Sai hakimai, sai dogarai, mahauta, shi kansa Alƙalin, har Jabbo. Sarki ya tuɓe alkyabbarsa ya yafa wa Alƙali, ya ce, "Mai hukuncin da ya manta shi ma mabuƙacin rahama ne, bulala kawai ya riƙe, bai riƙe adalci ba."

To, jama'a, waye ya rage a rana shi kaɗai, gumi na tsiyaya? Waziri! Ya duba dama, ya duba hagu, ya fara jan jiki a hankali zuwa inuwar.

Sarki ya ce, "Waziri, ina zuwa? Ai kai ba a kira ka ba."

Jabbo ya muskuta ya ce, "Ranka ya daɗe, taho ga wuri kusa da ni. Ni shaida ne, har da kai ake."